Gugguru da yajin Japanawa: yadda na bi har na iya haɗa shi a gida

Yayana ya yi karatu a Japan, kuma cikin tsarabar da ya kawo mini da ya dawo akwai wani ɗan gwangwani ja da bai fi tsawon yatsa ba, da hoton barkono a jikinsa. Ya ce yaji ne, a bakin wani tsohon wurin ibada da ake kira Zenkoji a garin Nagano ya saya. Na yi godiya na ajiye a kanta, ya kusa wata biyu ban buɗe ba, don a ganina gidan da ke da yajin tsire da yajin daddawa da na jego ba ya jiran yaji daga wata ƙasa. Wata ranar Asabar da la'asar ya zo ya tarar ina yi wa yara gugguru, ya ce in ɗauko masa gwangwanin nan. Ya ɗan yayyafa man shanu a kan nasa kason, ya barbaɗa yajin, ya miƙo mini. Abin da ya fara zuwa mini ƙamshin ɓawon lemo ne, sai na soyayyen riɗi, sannan ɗan zafi kaɗan ya biyo baya, daga ƙarshe na ji bakin harshena yana wani zir-zir kamar an ɗan taɓa shi da wuta mai sanyi. Gwangwanin bai yi sati uku ba ya ƙare. Abin da zan faɗa a nan shi ne hanyar da na bi daga ranar har na iya yin nawa, da wuraren da na ɓata kaya da lokaci, don wadda za ta gwada kada ta sake bin su.

Na fara da kiran Yaya a waya. Na ce, "Yaya, don Allah me da me suke zubawa a ciki?" Ya ce sunansa shicimi togarashi, in zan nema a intanet in rubuta da "ch" a wurin "c". Shici a harshensu bakwai ne, mi kuma ɗanɗano, togarashi shi ne barkono, wato barkono mai ɗanɗano bakwai. Ya ƙara da abin da ya fi ɗaure mini kai a lokacin, cewa bakwai ɗin ba ƙayyadaddu ba ne, kowane gida da nasa. Gidan da aka ce shi ya fara, Yagenbori, ya soma sayarwa a 1625 a Edo, garin da yanzu ake kira Tokiyo, a wata unguwa ta masu magani, kuma tun farko kallon magani ake yi wa haɗin. Su sukan sa barkono iri biyu, gasasshe da wanda ba a gasa ba. Na Kiyoto, wanda shagonsa ke kan hanyar hawa zuwa wurin ibadar Kiyomizu, ya fi ba da ƙarfi ga ƙamshi, da wani ganye mai ƙamshi da suke kira shiso da ganyen teku. Na Nagano, wanda ya kawo mini, tun 1736 suke yi, kuma suna sa citta. Da na ji haka hankalina ya kwanta, domin in su kansu ba su tsaya a kan jeri ɗaya ba, ni ma ina da damar zaɓa. Muka tsayar da bakwai: barkono, busasshen ɓawon lemo, farin riɗi, baƙin riɗi, citta, ganyen teku da suke kira nori, da sansho, wanda shi ne mai sa harshe zir-zir. Akwai abu biyu da wasu gidajen ke sawa na bar su tun daga farko, irin fulawar fofi, wadda ake samun ƙwayar maye ta opium daga gare ta, da irin tabar wiwi da aka gasa. A can halal ne a doka in an kashe ƙwayar ba za ta tsiro ba, amma Yaya ya gargaɗe ni kada in sa kowa ya ɗauko mini shi ta filin jirgi, kuma ban ga dalilin jefa wani cikin tambayoyi saboda gugguru ba.

Ranar Litinin na shiga kasuwa wurin wani dattijo mai kayan yaji da nake saye a hannunsa tun ina amarya. Barkono da citta da farin riɗi ba su ɗauki minti biyar ba. Sai dai a kula, a ce citta mai yatsu, domin in ka ce citta kawai wani zai auno maka mai ƙwaya, ita kuma wani abu ce daban. Da na ce baƙin riɗi sai ya ɗebo mini habbatus sauda a leda. Na ce, "Baba, ba wannan ba, riɗi ne dai irin namu amma baƙi." Ya ce, "'Yata, akwai shi, amma ba kowa ke ajiyewa ba, ki dawo ranar Alhamis in tambayar miki mutanen Maigatari." Wannan kuskure ne mai sauƙin faɗawa, don a ido suna kama, amma habbatus sauda tana da kusurwa-kusurwa da ɗaci, baƙin riɗi kuwa shafaffe ne kamar ɗigon hawaye, in ka murza shi a yatsa maiƙo zai fito. Na koma Alhamis bai samu ba, sai a Alhamis ta gaba ya ba ni ɗan ƙulli. Wani abin da ya tsaya mini a rai a wannan jiran shi ne Japan na cikin manyan masu sayen riɗin da ake nomawa a Jigawa da Nasarawa da Binuwai. Ba mamaki wani ɓangare na abin da ke cikin gwangwanin nan daga gonakinmu ya tashi.

Sansho ne ya fi ba ni wahala. Na kwatanta wa Baba yadda yake sa harshe, ya yi shiru, sai ya ce, "Ai fasaƙwari kike nema." Na saya na tauna a gida, kuma lallai ya sa bakina ya ɗan mutu. Daga baya na tabbatar dattijon ya yi gaskiya fiye da yadda na zata, domin fasaƙwari da sansho 'yan dangi ɗaya ne a itatuwa. Bambancin shi ne namu ɓawon itace da saiwa ake sayarwa, nasu kuwa ɓawon 'ya'yan ne, shi ya sa nasu ke ɗauke da ƙamshin lemun tsami, namu kuma ke da ƙamshin itace da ɗan ɗaci. Yaya ya ce mafi kusa da sansho shi ne masoron Sicuwan na ƙasar Sin, wanda ake samu a manyan kantuna masu kayan abincin Asiya. Na kira wata ƙawata a Abuja na roƙe ta shi da nori, na jira kwana tara kafin direba ya kawo. Kuɗin waɗannan biyun da na mota sun ninka na sauran kayan biyar gaba ɗaya, amma har yau ban cinye rabinsu ba. Wajen sayen nori a duba takardar da kyau. Akwai wanda ba a sa masa komai ba, faffaɗa kamar takarda, baƙi-baƙi mai ɗan kore, shi ake so. Akwai kuma yankakke mai ɗanɗano da aka shafa wa sukari da miyar waken soya, wani lokaci har da mirin, wanda giyar shinkafa ce ta girki. Ƙawata ta karanta mini jerin kayan a waya kafin ta biya.

Ɓawon lemo na ɗauka shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma na fara ɓatawa. Na ɓare lemon zaƙi guda huɗu na shanya ɓawon yadda yake, da farin cikinsa da komai, a kan faranti a tsakar gida. Lokacin ƙarshen damina ne, iska da laima. Kwana biyar bai bushe ba, gefensa ya fara fumfuna, wanda ya tsira kuma da na ɗanɗana ɗaci ne zalla. Farin nan na ciki shi ke kawo ɗacin, shi ke riƙe ruwa. Karo na biyu na sayi tanjarin, wanda shi ne ma Japanawa ke amfani da danginsa, na wanke da kyau, na ɓare, na kwantar da ɓawon a katako na kankare farin da bakin cokali har sai da ya zama siriri ina hango haske ta cikinsa. Na yayyanka ƙanana na baza a rariya, na sa a inuwa inda iska ke wucewa, ba a tsakiyar rana ba, don rana mai zafi na tafiya da ƙamshin. Sanyin hunturu ya fara shigowa a lokacin, kwana uku ya bushe. Alamar ita ce ya karye ƙaras a hannu. In yana lanƙwasawa to da saura, kuma in aka daka shi haka zai dunƙule ya ɓata sauran. Tanjarin biyar suka ba ni abin da bai wuce babban cokali biyu na gari ba, don haka a sayi da yawa, yara su sha lemon.

Ranar haɗi na tashi da zumuɗi, na zuba duka bakwai ɗin a injin niƙa lokaci guda. Abin da ya fito ya yi kama da tunkuza, jiƙaƙƙe, ya manne a bango, domin riɗi mai ne a cikinsa kuma injin ya matse shi. Zafin barkono kuma ya danne komai, ba lemo ba nori, yaji ne dai irin wanda na sani. A nan na gane kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko girma. Barkonon da suke amfani da shi, wanda sunansa ke nufin farcen shaho, bai kai ƙananan barkononmu zafi ba, kuma ni na auna da hannun da ya saba da yajin tsire. Wannan haɗin ba don zafi aka yi shi ba. A can a kan miyar taliyarsu ta soba da udon suke barbaɗa shi, da tsiren kaza, don ya ɗaga ƙamshi, kuma in barkono shi kaɗai mutum ke so akwai wanda suke kira icimi, mai ɗanɗano ɗaya. Na zuba wannan a miya don kada ya tafi a banza, na sake daga farko, amma sai da na jira kwana uku wani ɓawon ya bushe.

Ga yadda na yi a karon da ya yi kyau. Na fasa barkono na kakkaɓe 'ya'yan, na haɗa kashi ɗaya nasa da kashi ɗaya na busasshen tattasai, wanda ya ba ni ja mai kyau ya kuma sassauta zafin. Na ɗan gasa su a busasshen kasko a wuta ƙasa-ƙasa na kamar minti ɗaya, da zarar ƙamshi ya taso na sauke, na bari suka huce sannan na daka. Masoron Sicuwan na tsince baƙaƙen 'ya'yan da suka rage a ciki, don suna ƙasa-ƙasa a haƙori kamar yashi, na gasa ɓawon kaɗan, na daka na tankaɗe. Riɗi na soya fari daban baƙi daban. Farin yana nuna maka da launi, baƙin kuwa ba ya nunawa, sai dai ka saurari tsalle-tsallensa a kasko ka bi hancinka, kuma yana saurin ƙonewa. Nori na riƙe shi da hannu na wuce da shi ta saman wuta sau biyu uku har ya ƙara kore ya yi ƙaras, na murmushe shi da yatsu. Kowanne na ajiye a nasa ɗan kwanon. Sannan na auna: babban cokali biyu na barkono da tattasai, babban cokali ɗaya na ɓawon tanjarin, ƙaramin cokali biyu na farin riɗi, biyu na baƙi, ɗaya na citta, ɗaya na masoron Sicuwan, biyu na nori. Riɗin a ƙaramin turmi na ɗan farfasa shi, bugu kaɗan, ba daka ba. Na juya da cokali a kwano. Da na kai hanci sai ga ƙamshin gwangwanin nan ya dawo, ba daidai-wa-daida ba, amma kusa ƙwarai. Na tsaya a madafi ni kaɗai ina ta shaƙa, na ji daɗin da ban zaci ɗan kwanon yaji zai ba ni ba bayan kusan wata guda ina bin sa.

Na ɗauka aiki ya ƙare, ashe gugguru ma da nasa darasin. Da farko na zuba yajin cikin mai tare da masara, ina ganin zai fi shiga. Masarar gugguru ba ta fashewa sai zafi ya kai wajen digiri 180, lokacin da ɗan ruwan da ke cikin ƙwayar ya zama tururi ya fasa ɓawon. Barkono da nori ba sa jure wannan zafin. Kafin ƙwaya ta farko ta fashe yajin ya yi baƙi, hayaƙi ya cika gida, ni da yara muka fita tsakar gida muna tari, autana har da hawaye. Wannan shi ne abu ɗaya da nake roƙon kowa kada ya gwada, musamman gidan da ke da mai asma. Washegari na yi gugguru fari tas na barbaɗa yajin a kai bayan na sauke. Ba abin da ya kama, muka cinye gugguru salam, yajin duka yana kwance a gindin roba. Na uku na narka ɗanyen man shanu na zuba, yaji ya kama, amma gugguru ya yi laushi ya yanƙwane cikin minti kaɗan, saboda ɗanyen man shanu akwai ruwa a cikinsa.

Mahaifiyata ce ta warware wannan, ba tare da ta taɓa jin sunan shicimi ba. Ta zo ta tarar ina bayani, ta ce, "Ke, ai soya man za ki yi. Wa ke zuba ɗanyen man shanu a abin da ake so ya yi ƙaras?" Na soya shi yadda muke yi, har kumfa ta kwanta ya daina ƙara, sai dai ban sa albasa ba don kada ta yi gasa da lemon, na tace na ajiye. Sai na ɗebi ƙaramin cokali biyu na yajin da rabin ƙaramin cokali na gishiri na sake daka su tare har suka zama laushi kamar hoda. Wannan matakin shi ne sirrin kamawa. Yajin da za a barbaɗa a miya ana son sa da ɗan tsakuwa-tsakuwa, amma na gugguru dole ya yi laushi, gishirin ma haka, in ba haka ba nauyinsa zai kai shi ƙasa. Gishirin kuma yana taimakawa riɗin bai dunƙule ba a wannan ɗan dakan.

Na ɗora tukunya mai kauri, na zuba man gyaɗa babban cokali uku, na jefa ƙwaya uku na rufe. Da suka fashe na san mai ya kai, na zuba rabin kofi na masara, na sauke tukunyar daga wuta na ƙirga talatin don ƙwayoyin su ɗauki zafi tare, na mayar. Da fashewa ta kankama na ɗan karkace murfin don tururi ya fita, ina girgiza tukunyar lokaci-lokaci da tsumma a hannu. Tururin da aka kulle a ciki shi ke sa gugguru tauri kamar roba. Da na ji tsakanin fashewa da fashewa ya kai daƙiƙa biyu zuwa uku na juye nan take a babbar roba, ban jira na ƙarshe ba, don jiran su ne ke ƙona na ƙasa. Na yayyafa soyayyen man shanu babban cokali biyu a zagaye, na rufe da wata robar na girgiza, na barbaɗa rabin yajin na girgiza, na ƙara sauran na sake girgizawa. Kowace ƙwaya ta fito da ɗigo-ɗigon ja da baƙi da kore, kuma da na duba gindin robar kusan ba komai.

Akwai 'yan abubuwan da sai da na maimaita sau da yawa na lura da su. Masarar da ta daɗe a buɗe tana bushewa fiye da kima ta ƙi fashewa, don haka ina sayen kaɗan in zuba a kwalba mai murfi, kuma masarar tuwo ba ta yin wannan aikin ko an daɗe ana soyawa, sai an ce wa mai shago ta gugguru. Yajin kansa ba ya son ajiya mai tsawo. Bayan kamar wata ɗaya ƙamshin lemo da na masoron ke fara gudu, riɗin kuma ya soma canza wari saboda zafin garinmu, shi ya sa nake ajiye kayan bakwai ɗin daban-daban in haɗa na sati biyu kawai. Na kuma gwada fasaƙwari a madadin masoron Sicuwan, ranar da na so in ga ko za a iya yi ba tare da aike Abuja ba. Ana iya yi, in an daka shi sosai an tankaɗe sau biyu an kuma sa rabin awon, sannan a ƙara ɓawon tanjarin don ya cike ƙamshin da ya rasa. Nori ne dai ban samo masa madadi ba. Na gwada barin sa, abin ya yi daɗi, amma akwai wani ɗanɗano mai zurfi kamar na busasshen kifi da ke tafiya tare da shi. Ga yara ƙanana ina rage barkono in bar tattasai ya fi yawa, autana kuwa da bai kai shekara huɗu ba ba na ba shi gugguru sam saboda shaƙewa, sai in barbaɗa masa ɗan yajin a kan dafaffen ƙwai.

Da Yaya ya zo a Asabar ɗin da ta biyo baya na ajiye masa roba a gabansa ban ce komai ba. Ya ci loma biyu, ya tsaya, ya ce citta ta ɗan yi yawa in aka kwatanta da na Nagano, lemon kuwa ya fi nasu tashi don sabo ne. Na ce zan rage cittar. Ya ce, "A'a, bar ta haka." Ya ba ni labarin cewa a shagon Yagenbori da ke unguwar Asakusa a Tokiyo mai saye kan tsaya a gaban akwatunan kayan bakwai ya ce a ƙara masa wannan a rage wancan, a haɗa masa a gabansa. Kafin ya tafi ya ɗauko tsohon jan gwangwanin daga kanta, wanda na wanke na ajiye, ya ce in cika masa.